Zanen Tankoki da Motocin Soja na Oda: Tambayoyi da Amsoshi daga Shagon Zane a Katsina

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu zuwa shagona a cikin birnin Katsina, da masu aiko saƙo daga Daura, Funtuwa, Malumfashi da Dutsin-ma, suna son a zana musu tankar yaƙi ko mota mai sulke. Na tattara su wuri ɗaya domin mai niyyar ba da aiki ya san abin da zai tarar tun kafin ya ɗaura aniya.

Mene ne zanen oda, kuma su wa suke ba da irin wannan aiki?

Zanen oda shi ne wanda mutum zai zo ya faɗi abin da yake so, a yi ciniki, sannan a zana masa shi kaɗai, saɓanin wanda mai zane ya yi don ra'ayin kansa ya rataye yana jiran mai saye. Mafi yawan masu ba ni aikin motocin soja 'yan mazan jiya ne da 'ya'yansu. Bayansu sai hafsoshin da ke neman kyautar ban kwana ga maigidansu da zai yi ritaya ko aka yi wa canjin wurin aiki, sai kuma iyalan waɗanda suka kwanta dama a bakin daga. Aikin ya fi yawa gabanin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, da gabanin 6 ga Yuli, ranar sojojin ƙasa.

Tunda kowa yana da waya mai ɗaukar hoto, mene ne amfanin zane?

Yawancin motocin da ake so a zana sun yi aiki ne a zamanin da ba wayar hannu. Wanda ya je Laberiya a ƙarƙashin rundunar ECOMOG a 1990, ko ya yi Saliyo bayan haka, abin da ya dawo da shi bai wuce hoto ɗaya ko biyu da suka koɗe ba, wani ma ruwa ya taɓa shi, wani kuma rabin motar kawai ya ɗauko domin mai hoton mutanen ya nufa. Zane yana iya cike abin da hoton ya yanke, ya mayar da launin da ya dushe, ya kuma tsayar da motar a inda mai ita yake tunawa da ita. Idan kuwa hotonku mai kyau ne kuma ya wadatar, nakan faɗa muku gaskiya cewa ku kai a wanke shi babba a sa masa firem, domin zai fi muku araha.

Me ya kamata in kawo ranar da zan ba da aiki?

Ku kawo duk hoton da kuke da shi, komai lalacewarsa, domin wanda kuka raina sau da yawa shi ne yake nuna inda aka ɗaura jarkar mai ko yadda aka rubuta lamba. Ku zo da sunan motar idan kun sani, da shekarar da aka yi aiki da ita, da ƙasar ko garin da abin ya faru, sannan ku auno bangon da za a rataye zanen. Idan mai labarin yana raye kuma yana da ƙarfin fita, ya fi kyau a zo da shi, in kuwa ba hali ni zan je in same shi a gida. Zaman awa ɗaya da dattijon da ya tuƙa motar ya fi mini hotuna ashirin na intanet.

Ba ni da hoto, kuma ban san sunan motar da mahaifina ya tuƙa ba. Za a iya ganowa?

Galibi ana iya ganowa, domin motocin da sojojin ƙasa na Najeriya suka yi amfani da su sanannu ne, kuma kowane zamani yana da nasa. Tambaya ta farko ita ce ko a kan taya take tafiya ko a kan sarƙa, ta biyu kuma ita ce shekara. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, motoci masu sulke 'yan Ingila ne suka fi fice: Ferret, ƙarama mai taya huɗu, da Saladin mai taya shida da igwa milimita 76. Mutanen Katsina suna da alaƙa ta musamman da wannan zamani, domin marigayi Janar Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, shi ne yake riƙe da rundunar leƙen fage mai amfani da irin waɗannan motoci a Kaduna a farkon 1966, kafin ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa.

Akwai kuma Panhard AML 'yar Faransa mai taya huɗu, wadda igwarta milimita 90 take neman fin jikinta girma, da Cascavel 'yar Birazil mai taya shida, da Scorpion, ƙaramar tanka mai sarƙa wadda mutum uku ke aiki a cikinta. Manyan tankokin shekarun 1980 su ne T-55 ta Tarayyar Sobiyet da Vickers ta Ingila, wadda sojoji ke kira Eagle. Wanda ya yi aiki a Arewa maso Gabas kuwa zai iya ambatar Cobra 'yar Turkiyya, ko T-72 da aka shigo da ita wajen 2014 da 2015, ko VT-4 ta Chaina da ta iso a 2020, ko Ezugwu wadda kamfanin DICON na Kaduna ya ƙera aka ƙaddamar da ita a Disambar 2019.

Nakan shimfiɗa wa mai labari hotunan waɗannan motoci in yi shiru, kuma ban taɓa ganin wanda ya kwana a cikin mota ya kasa nuna ta ba. Idan ya riga mu gidan gaskiya, sai a nemi takardunsa na sallama ko wani abokin aikinsa, domin sanin rundunarsa da shekarunsa yana rage yawan zato.

Me ya sa kake matsawa a kan adadin tayoyi da ƙananan abubuwa? Tanka ai tanka ce.

Ga mai wucewa a hanya haka ne, amma ga wanda ya zauna a cikinta ba haka ba ne. T-55 tana da manyan ƙafafu biyar a kowane gefe, da tazara bayyananna tsakanin na farko da na biyu, kuma sarƙarta a kan ƙafafun take kwanciya ta ɗan yi lanƙwasa, domin ba ta da ƙananan gargare masu tallafe ta daga sama. T-72 tana da shida. Kumburin da ke zuƙe hayaƙi a bututun igwa yana can kusa da baki a T-55, a T-72 kuwa yana wajen tsakiya. Direban T-55 a hagu yake zama, na T-72 a tsakiya, na Vickers a dama. T-55 mutum huɗu take ɗauka, T-72 kuwa uku, domin inji ne yake ɗura mata harsashi. Duk wanda ya sauya ɗaya daga cikin waɗannan ya zana wata mota ce daban.

Na koyi wannan ne a farkon sana'ata, lokacin da wani dattijo daga wajen Daura ya zo karɓar zanen T-55 da ɗansa ya biya. Ya daɗe a tsaye yana dubawa, sannan ya sa yatsa ya ƙirga ƙafafun, ya juyo ya ce, “Yaro, aikinka ya yi kyau, amma wannan ba motata ba ce.” Na ce, “Baba, me ya rage?” Ya ce ba ragi aka yi ba, ƙari aka yi, domin na sa mata shida. Ya kuma nuna mini cewa a tazarar nan da na toshe yake zura hannu kowace safiya ya cire laka da duwatsu. Na sake aikin daga farko ban karɓi ko kwabo a kai ba, kuma tun daga ranar ba na sa fenti sai mai aiki ya ƙirga da kansa a zayyanar fensir, kamar yadda zan yi bayani a amsar tambayar gyara a gaba.

Zan iya zuwa bariki ko shingen bincike in ɗauko maka hoton motar?

A'a, kuma ina roƙon kada kowa ya yi haka da sunana. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoto ko zayyana wuraren tsaro ba da izini ba, kuma ko da ba doka, halin da jiharmu take ciki ya isa ya hana mai hankali. Hoton da ya nuna adadin motocin da ke wani sansani, ko inda aka girke su a hanyar Jibiya ko Batsari, yana iya faɗawa hannun 'yan bindiga ya jawo asarar rayuka. Saboda haka ba na zana motar da ke bakin aiki a yanzu tare da lambarta ta gaskiya ko wurin da take. Idan runduna ce da kanta ta ba da aikin, kamar daga barikin Natsinta, nakan nemi takardar izini daga hafsan da ke da alhaki, in kuma tsaya a kan hotunan da suka ba ni. Ga tsofaffin motoci kuwa ba a rasa madogara: akwai littattafai, akwai hotunan da rundunar ta fitar da kanta, akwai kuma gidan tarihin yaƙi na Umuahia inda aka ajiye kayan yaƙin basasa.

Mene ne matsayin wannan zane a addini, kuma za a iya sa mutane a ciki?

Ni ba malami ba ne, amma ga abin da na dogara da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, yana neman fatawa, sai ya gargaɗe shi game da suranta masu rai, ya kuma ce masa idan ba makawa to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Tanka da mota ƙarfe ne, don haka zana su kaɗai ba ya cikin abin da aka yi saɓani a kai. Saɓanin yana tasowa ne idan za a sa soja a kan motar. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, wasu malaman kuwa sun hana duka biyun. Kowa ya tambayi malaminsa kafin ya zo.

Ga wanda ya zaɓi kauce wa saɓani akwai hanyoyi masu kyau. Ana iya barin murfin direba a buɗe, a rataye hular kwano a jikin eriya, ko a jingina takalma kusa da taya, sai mai kallo ya ji cewa akwai mutum a wurin ba tare da an zana shi ba. Iyalan mamata sun fi son wannan salo, ni ma shi na fi so. A tuna kuma cewa tambarin sojojin ƙasa yana ɗauke da mikiya a samansa, don haka wanda ya guji masu rai gaba ɗaya ya lura da wannan.

Wane irin fenti ya fi dacewa?

Fensir da gawayi sun fi araha, kuma suna fito da nauyin ƙarfe da kyau, sai dai dole a sa su a bayan gilashi. Fentin ruwa yana da taushi a ido, amma rana tana cin sa da wuri. Akirilik shi na fi ba da shawara a nan Katsina, domin yana bushewa cikin mintoci, kuma idan ya bushe ruwa ba ya narka shi. Wahalarsa ta mai zane ce, saboda da hunturu yakan daskare a kan buroshi kafin a gama gauraya launi. Fentin mai ya fi duka zurfin launi, amma yakan kwana da yawa bai bushe ba, kuma a lokacin hazo duk ƙurar da ta sauka a kansa ta zauna ke nan. Fentin gwangwani mai sheƙi da masu zanen bayan manyan motoci ke amfani da shi yana da kyau a kan ƙarfe ko falanki don allon da zai tsaya a waje, amma a kan kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kansa, yakan tsage idan an naɗe.

Yaya ake gano launin motar na gaskiya, da tambari da lamba?

Launi yana bin zamani da wurin aiki. Motocin da suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya farare ne da baƙaƙen haruffan UN a jiki. Wasu motocin kore ne tsantsa, wasu kuma masu dabbare-dabbare. Amma motar da ke aiki ba ta zama da launin da ta fito da shi daga kamfani: rana tana kashe kore ya koma kamar toka, ƙura tana taruwa daga ƙasa zuwa sama, fenti yana gogewa a inda ake taka ƙafa da inda ake kama hannu, hayaƙi kuma yana baƙanta wajen salansa. Ƙurar ma kala-kala ce, domin farin rairayin gefen Tafkin Chadi daban yake da jar lakar damunar Laberiya. Nakan tambayi mai aiki ko yana son motar a wanke kamar ranar fareti ko yadda take a daji, kuma tsofaffin direbobi kusan kullum ta dajin suke zaɓa.

Tambarin sojojin ƙasa yana da mikiya, da tauraro mai kusurwa shida, da rubutun Larabci mai ma'anar nasara daga Allah take, tutarsu kuma ja ce da baƙi a tsakiya. Saboda wannan rubutu mai ɗauke da sunan Allah, ina jan hankalin mai zane irin wannan da ya kula da inda zai rataye shi. Lambar tsohuwar motar da ta bar aiki ana iya rubuta ta idan an tabbatar, ta motar da ke aiki kuwa na riga na faɗi matsayina a amsar tambayar bariki.

Za ka iya zana motar tana cikin faɗa, da wuta da hayaƙi?

Ƙura da hayaƙi da igwa tana tashi zan iya, amma ba na zana gawa, ko gari yana ƙonewa, ko wani jinsin mutane a matsayin abokan gaba. A wannan jiha akwai gidaje da yawa da suka ga irin wannan da idonsu, kuma zanen zai zauna ne a falo inda yara ke wasa. Na kuma lura cewa masu neman wuta da yawa galibi matasa ne da ba su je ba, su kuwa waɗanda suka je sun fi roƙon a zana motar da asuba tana tsaye a ƙarƙashin itace. Wasu kan so a sa hasumiyar Gobarau ko Ƙofar Soro a baya don nuna garinsu. Idan motar ba ta taɓa tsayawa a wurin ba, nakan ba da shawarar a zana alamar garin a wani ɗan gurbi a gefe, don kada jikoki su ɗauka tarihi ne.

Kana zana jiragen sama da na ruwa?

Ina yi, da sharuɗɗan da suka gabata. An fi neman Alpha Jet, da C-130, da Super Tucano waɗanda guda 12 suka iso daga Amurka a 2021, sai kuma jirgin ruwan yaƙi Aradu da aka ƙera a Jamus.

Nawa ne kuɗin aiki, kuma kwana nawa yake ɗauka?

Ba na rubuta farashi a nan, domin kuɗin fenti da kanbas, waɗanda nake sayowa daga Kano, ba sa tsayawa wuri ɗaya. Abin da ke ɗaga kuɗi shi ne girman zane, da irin fenti, da adadin motoci, da yawan binciken da za a yi idan ba hoto. Mota mai sarƙa ta fi mai taya tsada, saboda kowace gaɓar sarƙa sai an zana ta, kuma kowace ƙafa idan an kalle ta a kaikaice siffar ƙwai take komawa, dole dukansu su daidaita a layi ɗaya, in ba haka ba motar ta yi kamar ta karye. Ana ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, a cika sauran ranar karɓa. Zanen fensir a takardar A3 yakan ɗauke ni kamar mako ɗaya, akirilik mai faɗin ƙafa biyu da tsawon ƙafa uku yakan ɗauki mako uku zuwa huɗu, fentin mai kuwa wata biyu. Mai son kyautar ranar ritaya ya zo da wuri, domin gaggawa ba ta busar da fenti.

Idan ban gamsu ba, ana gyarawa?

Akwai matakai biyu na dubawa. Na farko shi ne zayyanar fensir, inda za ku ga kusurwar da aka kalli motar, ku ƙirga ƙafafu, ku duba igwa da kayan da aka ɗaura. A nan duk gyaran da kuka kawo kyauta ne. Na biyu shi ne bayan an shimfiɗa launi na farko, inda za a iya sauya haske da ƙura da sararin sama. Bayan haka, idan kuskuren nawa ne, kamar wanda na ba da labari a tambayar tayoyi, ni zan ɗauki nauyinsa ko da zai kai ga sake aiki. Idan kuwa ra'ayi ne ya sauya, sai a yi sabon ciniki.

Na biya kuɗi. Zan iya buga zanen a kalanda ko riguna in sayar?

Sayen zane daban, sayen haƙƙin buga shi daban. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, haƙƙin yana farawa ne a hannun wanda ya yi aikin sai idan an yi wata yarjejeniya, kuma miƙa shi ga wani sai a rubuce. Idan don iyali ne, kamar kalandar tunawa da mamaci, nakan rubuta izini ba tare da ƙarin kuɗi ba. Idan don kasuwa ne, mu zauna tun farko. Ni ma a nawa ɓangaren ba na sa hoton aikinku a Facebook ko WhatsApp sai kun yarda, musamman idan akwai suna ko muƙami a jiki.

Yaya zan adana zanen, kuma yaya za a kai shi wani gari?

A rataye shi a bangon da rana ba ta bugawa kai tsaye, nesa da madafa da hayaƙin turaren wuta, kuma kada a jingina shi a ƙasa ko a bangon da ke jiƙa da damina, domin gara tana fara cin katakon baya ne tun kafin a lura. Da hunturu a kakkaɓe ƙura da busasshen buroshi mai laushi, kada a goge da jiƙaƙƙen tsumma, balle kananzir. Zanen fentin mai a dawo mini da shi bayan wata shida in shafa masa banish na ƙarshe, wato man da ke kare fenti, domin kafin nan cikinsa bai gama bushewa ba.

Idan zuwa Daura ne ko Kano, nakan rufe shi da kwali biyu a ba direba a tasha ya ajiye shi a tsaye, ba a kwance a ƙarƙashin kaya ba. Idan tafiyar ta yi nisa, kamar Jos ko Bauchi ko Legas, ya fi aminci a cire kanbas daga katakonsa, a naɗe shi a jikin faffaɗan bututun roba fuskar fenti tana waje, a can kuma a nemi mai firem ya sake ɗaure shi. Zanen da ke bayan gilashi kuwa a cire gilashin kafin tafiya, a yanka sabo a garin da za a rataye shi.